Pak Idrus da Sunaye Arba'in da Huɗu

Shekara talatin da uku, kullum ƙarfe bakwai na safe malaminmu Pak Idrus Lamusu yana gaban allo a makarantun tsibiranmu na Banda. Sai ya kira sunayen ɗalibai, ya rufe rajista, sannan ya kira waɗansu sunaye talatin da ɗaya da ka. Daga nan ya yi shiru sau goma sha uku, yana lanƙwasa yatsa.

Sunayen dattawanmu ne su arba'in da huɗu, waɗanda Turawan Holan suka kashe a bakin ganuwarsu saboda gyaɗar ƙamshi. Laifinsu, sun sayar wa Ingilishi. Su ma Ingilishin ba don Allah suka zo ba, daga baya musanya tsibirinmu na Run suka yi da wani wuri, kamar masu musayar akuya. Amma littafin tarihin da aka ba mu a makaranta cewa ya yi wai an “kafa gari”. A kan gawar wa aka kafa shi?

Kai ne, Malam, ka bi tsofaffi tsibiri-tsibiri a kwalekwale da kuɗin aljihunka, har ka tattara talatin da ɗaya. Sauran sha ukun ka ƙi ƙirƙira, ka bar musu gurbinsu.

Ina aji biyar wani jami'i ya zo da kwali cike da hulunan Turawa masu gashin tsuntsu. Jirgin 'yan yawon buɗe ido zai iso, wai mu saka mu tarbe su a ƙofar ganuwa.

“Pak Idrus, wasa ne kawai,” in ji shi. “Baƙi suna son hoto.”

“To kai ka saka mana, ranka ya daɗe. Ai kanka ya fi dacewa da ita.”

“Ka san da wa kake magana?”

“Na sani. Su ma yaran nan sun san wa aka yanka a ƙofar nan.”

A kan wannan aka tura shi Run shekara tara, babu ƙarin girma. Iyayenmu kuwa da manyan gari bakinsu ƙanin ƙafarsu, ba wanda ya ce uffan. Har yau abin yana ƙona mini rai.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce aka yi masa bankwanan ritaya. Sabon shugaban makaranta ya riga ya ce daga Litinin rajista kaɗai za a kira. Malam ya miƙe ya fara sunayen, a na sha huɗu murya ta ɗauke masa. Sai Ibu Sarifa mai sayar da kifi ta karɓa daga baya, masunta suka bi, muka kai talatin da ɗaya. Muka yi shirun sau sha uku, yana lanƙwasa yatsa.

Mun gode, Malam, Allah ya saka. Ku kuma da kakanninku ke raye, ku zauna ku tambaye su tun kafin a kai su makwanci. In kun samo wani suna, gidan Malam yana bayan masallaci, ƙofar a buɗe take. Saura sha uku.