Wutar Cikin Baba

Shekarar da cikin Baba ya kusa kai shi ƙasa, muna zaune a unguwar Malali. Ma'aikacin gwamnati ne, ya kan wuni a ofis bai sa komai a baki ba, da dare ya danƙara tuwo da tsire, ya kora da ruwan firij, ya kwanta. Sannu a hankali cikin ya riƙa kumbura. Ya rame har wandonsa ba ya zama. Maganin asibiti yana sha, amma likita ya ce in bai sake hali ba, abin zai kai ga aikin tiyata.

Maƙwabciyarmu Ba'indiya ce, mijinta yana koyar da lissafi a sakandare. Wata rana ta shigo da citta da hulba da gangamau a ƙulle, ta zauna da Kaka, mahaifiyar Baba. Da guntuwar Hausarta da nuni da hannu ta bayyana yadda suke maganin ciwon ciki a ƙasarsu. Baba da ya ji, ya yi tsaki. Ya ce shi ba zai sha jiƙe-jiƙe ba.

Bayan magariba muka kewaye murhu kamar kullum. Baba yana gefe a kujera, rediyo a kunne.

"Ku matso, jikokina, tatsuniya ta iso," in ji Kaka.

Ta ce an yi wani falke da ya haye teku. Can wata tsohuwa ta ba shi 'yar wuta ya haɗiye, ta ce ita za ta riƙa dafa masa duk abin da ya ci. Sharaɗin kawai, ya ba ta babban itacenta da rana tsaka, da dare kuwa 'yan ƙirare, kuma kada ya watsa mata ruwan sanyi. Da falke ya yi arziki sai ya manta. Ya bar ta da yunwa wuni guda, dare na yi ya jibga mata kaya. Wuta ta mutu, hayaƙi ya cika masa ciki.

"Ya mutu, Kaka?" ƙanwata ta tambaya.

Kaka ta daɗe tana gyara itace. "Yana da 'ya'ya ƙanana," ta ce. "Uwarsa ma tana da rai. Ban san ƙarshen tatsuniyar ba tukuna."

Baba ya kashe rediyo ya shiga ɗaki.

Da safe muka ga Mama tana dafa citta da lemun tsami. Daga ranar Baba ya fara dawowa gida cin abincin rana. Da yamma sai kunu ko fate, ya sha ruwan ɗumi, ya taka zuwa bakin titi ya dawo. Kafin damina ta fita ya soma mayar da jiki, ba a kuma yi aikin ba.

Sai da na girma na gane nauyin da Kaka ta ɗauka. Baba ɗan farinta ne. Saboda kunya, tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama ta dubi idonsa ta yi masa faɗa ba. Tana kallon ɗanta yana ƙarewa, bakinta a ɗaure. Mu ta tara a gabanta, amma shi take roƙo ya rayu.