Babin Ƙarshe na Anti Dije

Ina tsakiyar hawa matattakalar ofishinmu, lif ya sake lalacewa kamar yadda ya saba, ina haki ina mita a zuci, sai wayata ta yi ƙara. Na duba na ga sunan Mubarak, babban ɗan Hajiya Dije. Tun kafin in ɗaga gabana ya faɗi, domin yaron nan ba ya kirana da safe. Ya ce, "Anti Hauwa, Umma ta cika." Bai ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba. Nan na zauna a kan matattakala, ma'aikata suna ratsa ni suna wucewa, ina ta maimaita innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin la'asar maza sun kai ta makwancinta a maƙabartar Gudu.

Masu karatu sun san ta da littattafanta na matasa, labaran yaran da gida ya yi musu zafi, makaranta ta kore su, titi ya karɓe su. Ni kuwa abokiyar aikina ce. Teburinta yana kallon nawa a ma'aikata shekara da shekaru, kuma ni ce direbanta na ranar Asabar, don Dije har ta koma ga Allah ba ta iya ribas ba. Takan kira ni oga madam idan tana son in fito da mota, ni kuma in ce mata uwar marasa ji. Ina da saurin fushi, kowa ya sani, ita kuwa haƙurinta har haushi yake ba ni. Ban san yadda muka yi muka zama aminai ba.

Abin da masu karatu ba su sani ba shi ne yadda take aiki. Dije ba ta kai littafi maɗaba'a sai yaran garin Masaka sun ji shi da kunnensu. Kowace Asabar mukan kutsa cikin gosulon Nyanya da Mararaba, ina zagin direbobin bas, ita tana gyara takardunta a cinya, har mu isa barandar wata makaranta da maigadi yake bar mana. Ta sayo randa daga Ushafa ta ajiye musu saboda ruwan sha, kuma akwai wata Bafulatana da ke kawo fura da nono. Yara su taru, 'yan talla, 'yan kwandasta, waɗanda aka kora daga aji, Musulmi da Kirista, kowa da irin Hausarsa. Sai ta miƙe ta karanta musu babi.

Doka guda ce a barandar nan. Duk wanda ya ji abin da ba haka yake ba a rayuwa, yana da ikon ya katse ta ya ce, "Ƙarya ne!" In ya faɗa, dole ya yi bayani. In bayaninsa ya tsaya, dole ita ta gyara. Na sha ganinta, mace mai muƙami da ake rusuna wa a ofis, tana yaga shafin da ta yi mako tana gina shi, don wata 'yar tallan gyaɗa ta ce ƙarya ne. Na ce mata, "Haba Dije, yaran da ko sunansu ba su iya rubutawa ba ne za su riƙa yi miki maki?" Ta ce, "Hauwa, rayuwarsu nake ara. Wanda ya ara maka riga, ai ya san inda ta yage." Wani zubin kuma takan ce, "Yaro ba ya tsoron gaskiya. Mu manya ne muke tsoronta, sai mu ce don shi muke ɓoyewa."

A cikin yaran akwai 'yan mata biyu da ba ka ganin ɗaya sai da ɗaya, Nafisa da Rifkatu. Nafisa shiru-shiru ce, uwarta ta rasu, ubanta mai gadi ne a cikin gari, sai ƙarshen wata yake leƙo gida. Rifkatu kuwa baki gare ta kamar rediyo, tana zaune wurin wata gwaggonta mai sayar da abinci a bakin titi. Ita ce sarauniyar cewa "Ƙarya ne!" Ranar da Dije ta karanta cewa yarinyar littafi ta kwana tana kuka saboda yunwa, Rifkatu ta yi tsalle ta ce, "Ƙarya ne, Anti! Yarinya da yake jin yunwa ba ya kuka, barci yake yi. Kuka ai sai da ƙarfi." Dije ta soke layin. A mota da muke dawowa ta yi ta share ido da gefen mayafinta.

Duk mun san su biyun suna shan maganin tari, suna juye shi a robar lemo. Dije ba ta taɓa yi musu wa'azi ba, abin da ya sha haɗa mu faɗa ke nan. Na ce ta kama su ta yi musu tatas. Ta ce, "An yi musu tatas a gida, an yi musu a makaranta, ga inda ya kawo su. Ni so nake su samu wuri guda da za su zo da ƙafarsu." Ta nema musu gurbin koyon ɗinki, ta kai Nafisa asibiti, har yarinyar ta fara ajiye robar. Kuma da yardarsu ta fara littafinta na ƙarshe, labarin ƙawaye biyu irinsu.

Ana cikin haka, a damina, aka tsinci Rifkatu a wani kangon gini bayan kasuwa. Sun sha tare, wani ya ƙara musu ƙwaya, suka kwanta. Nafisa ta farka, Rifkatu ba ta farka ba. Mun je jana'izar. Na ga Nafisa da hijabinta tsaye a bakin ƙofar coci, ba ta shiga ba, ba ta tafi ba, ba ta kuma zubar da hawaye ba.

A nan Dije ta yi kuskuren da sai marubuci mai tausayi zai yi shi. Ba na faɗar wannan don in rage mata daraja, ita da kanta ta ce in faɗa. Littafin saura babi guda. Ta kasa kashe yarinyar a takarda. Ta rubuta cewa an yi maza an kai ta asibiti, likitoci suka ceto ta, ƙawayen biyu suka rungume juna suka koma makaranta. Ta ce mini, "Duniya ta hana Nafisa ƙawarta, ni zan mayar mata." Ni ma wallahi na ga kyan abin.

Ta karanta shi a baranda. Yara suka kasa kunne, wasu har da murmushi. Sai Nafisa ta miƙe, yarinyar da tunda muke ba ta taɓa katse karatu ba. Ta ce, "Ƙarya ne." Dije ta sauke takarda. Nafisa ta ce, "Ni na taɓa ta, Anti. Ta yi sanyi. Na yi ta girgiza ta, babu wanda ya zo. Kin ce a nan ba a ƙarya. Ke ma kin mayar da ita tatsuniya." Ta ɗauki takalmanta a hannu ta fita. Ba ta sake zuwa ba.

Daga ranar Dije ba ta ƙara samun sukuni ba. Labari yana zuwa mana cewa Nafisa ta koma robar fiye da da, ta bar ɗinki, tana kwana inda dare ya yi mata. Tsoron Dije a fili yake, kuma ta faɗe shi: kada a tsinci yarinyar nan a kangon da aka tsinci ƙawarta. A daidai lokacin ne ciwon ƙodarta ya tashi gadan-gadan. Amma a fito da ita daga wankin ƙoda, ƙafa a kumbure, ta ce, "Oga madam, Masaka." In yi faɗa, Alhaji maigidanta ya yi lallashi, a banza. Mun shiga tasha, mun bi bayan kasuwa, mun tsaya a bakin kangon nan tana dafe da kafaɗata tana kiran sunan yarinyar har muryarta ta dushe. Ko inuwarta ba mu gani ba. Na ce, "Kin yi iya yinki, Allah shaida ne." Ta girgiza kai ta ce, "Neman da ba a samu ba, a wurin yaro daidai yake da ba a zo ba."

A gadon asibiti ta sake babin. Hannunta ya daina riƙe biro, don haka tana faɗa ina bugawa a waya, tana hutawa tsakanin jimla da jimla. Wannan karon yarinyar ta mutu, kuma Dije ba ta sassauta ko kalma ba. Da muka gama ta ce, "Kada a buga shi sai an karanta a baranda. Kuma sai Nafisa ta ji." Na ce, "In ba ta zo ba fa?" Ta ce, "To a bar shi a wayarki."

Bayan addu'ar bakwai mai buga littattafanta ya zo gaisuwa, ya ja ni gefe ya ce jama'a suna jira, a fitar da littafin kafin arba'in. Mutumin kirki ne, amma na ce masa a'a da irin muryar da aka san ni da ita. Ran Asabar na ɗauki mota ni kaɗai. Ban zagi ko direba ɗaya ba a hanya, kujerar gefena ce ta hana ni.

Yara sun cika baranda, labari ya riga ya kai musu. Bafulatanar nan ta kawo furarta ta ƙi tafiya, ta zauna tana salati. Na duba fuskoki, babu Nafisa. Zuciyata ta karye, amma na fara. Ni ba Dije ba ce, karatuna kamar na sanarwar ofis yake. Ina cikin karanta inda yarinyar ta farka ta taɓa ƙawarta, na ɗaga kai, sai na hango ta can jikin randa. Ta rame sosai, idanunta jajur, hijabin ya yi dauɗa. Da ƙyar na ci gaba. Ba ta ce uffan ba a wurin sanyin jikin, ba ta ce uffan ba a wurin girgizar. Har na iso layukan ƙarshe, inda Dije ta ce yarinyar ta zauna a kangon kwana da kwanaki, kuma a duk faɗin garin babu wani babba da ya zo nemanta.

"Ƙarya ne."

Kowa ya juya. Na ce, "Doka ta ce ki yi bayani." Ta ce, "Anti ta zo. Ina ciki, a bayan bulo. Na ga ƙafarta ta kumbura, takalmin ma bai shiga ba. Tana ta kirana. Ni ce na ƙi fitowa." Nan ta durƙushe, kukan da ba ta yi ba a ƙofar coci ya ƙwace mata. Na ajiye waya na riƙe ta, ƙasusuwan bayanta suna taɓa hannuna, kuma ina jin robar a cikin aljihun hijabinta.

Da ta ɗan lafa ta ce, "A gyara, Anti Hauwa. Kada a buga haka." Na ce, "Bayaninki ya tsaya, dole a gyara. Amma mai gyara ta tafi, ni kuwa ban iya ba. Ke kika ga abin da ya faru. Ki zo Asabar ki faɗa, in buga." Ta share hawaye ta ce, "In Allah ya kai mu."

Ba zan yi wa masu karatu irin abin da Dije ta yi nadamarsa ba. Nafisa ba ta warke ba. Ta zo Asabar ɗin, ta ba ni layi biyu, ta kasa ci gaba. Ta biyun ba ta zo ba, na yi ta waige har yamma. Ta ukun ta zo, ta yarda na kai ta asibiti. Kullum wayata ta yi ƙara da safe gabana sai ya faɗi. Masu tambayata yaushe littafin zai fito, ku yi haƙuri. Saura layi guda, kuma wadda za ta ƙarasa shi muke roƙon Allah ya raya mana.

Ya Allah, ga baiwarka Dije ta zo gare ka. Ka gafarta mata, ka yi mata rahama, ka haskaka kabarinta, ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Tafiyar da ta yi da kumburarriyar ƙafa tana neman 'yar da ba ita ta haifa ba, ka sa ta tarar da ita a mizani. Ka ba Alhaji da Mubarak da ƙannensa haƙurin wannan rashi, ka tsaya musu. Ka sanyaya zuciyar dangin Rifkatu. Yaran barandar nan kuwa, ya Ubangiji, ka zama gatansu, ka tsare Nafisa, ka fito mana da ita duk lokacin da muka tsaya a bakin kango muna kira. Amin.