Yadda Na Kai Subiyar Ummata Gidan Giya

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karatu. Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, yau dai na daure. Ku yi mini uzuri, ba zan ambaci sunan kowa ba, har da nawa. A lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne mai rawar kai, auta a gidanmu, haifaffen Misfala a nan Makka, wanda Larabci ya fi Hausa zama a bakinsa. Kakanmu ne ya zo aikin Hajji daga ƙasar Kano ya yi zamansa, mu kuma muka taso da iƙama, wato izinin zama na baƙi, ba mu da takardar 'yan ƙasa. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, a nan aka binne shi. Abin da ya riƙe gidan bayansa, bayan ikon Allah, shi ne subiyar Umma.

Ga wanda bai sani ba, subiya abin sha ne na mutanen Hijaz. Sha'ir ake jiƙawa, ko busasshen burodi, a rufe a bar shi ya ɗan kwana ya yi tsami-tsami, sannan a tace, a sa sukari da ƙanƙara, a ƙulla a leda. Da azumi in ba ta a kan tabarmar buɗa-baki, to Bamakke bai sha ruwa ba tukuna. Ta Umma kuwa daban take, don ta sa mata hannun Kano: tsamiya da citta da kanumfari da ɗan masoro, a kan hel, ɗan ƙanshin nan da Larabawa ke sawa a gahawa, da kirfa da zabibin da kowa ya sani. Wanne ke fara shiga, wanne ake soyawa, wanne ake jira sai ruwan ya huce, wannan ita kaɗai ta sani, ko yayyena mata ba ta gaya wa ba. Abin da ta koya mana duka shi ne inda ake tsayawa. Takan ce subiya tana da iyaka, in ta haura ta zama abin da Allah Ya hana. Na sha ganin ta buɗe roba ta shinshina, ta ce shi ke nan, ta haura, ta tuntsurar da ita a makwarara, alhali masu saye na tsaye a ƙofa.

Da na gama sakandare karatu ya yi mini wuya a nan saboda maganar takarda, sai kawuna ya yi ɗawainiya aka samar mini gurbi a wata kwaleji a Afirka ta Kudu. Na tafi ina hura hanci, ban san abin da ake kira tsadar rayuwa ba sai da na je. Aikin da na fara samu shi ne wankin kofuna a wani gidan giya. Ba irin mashayar da kuke zato ba ce, mai duhu da 'yan dambe. Kamfani ne mai rassa a unguwanni da garuruwa, kuma abin alfaharinsu shi ne ba sa sayar da giyar manyan masana'antu, tasu suke dafawa kaɗan-kaɗan. A kowane reshe akwai tankunan ƙarfe masu ƙyalli a bayan gilashi, da jerin famfuna a kan kanta, da baƙin allo da ake rubuta sunan kowace giya da alli. Masu zuwa galibi ma'aikatan ofis ne, da wasu masu gemu da in ka gan su daga nesa sai ka yi musu sallama. Za a kawo wa mutum ƙananan kofuna a jere a kan katako, ya ɗaga wannan ya duba a haske, ya cusa hanci, ya kurɓa, ya lumshe ido ya ce wai yana jin ƙanshin ɓawon lemo da hayaƙi. Ni dai dariya nake a ciki, ina gaya wa kaina cewa ruwa da sabulu kawai nake taɓawa, babu ruwana da abin da ke cikin kofin.

Abin da ya kayar da ni ba giyar ba ce, kewar gida ce. Ranar da ake dafa sabon tanki, da hantsi kafin a buɗe wa jama'a, ƙanshin jiƙaƙƙen sha'ir kan cika wurin, ni kuwa sai in ji ni a kicin ɗin Umma. Wata rana mai dafa giyar reshenmu, wani dattijon Bature mai sanyin hali, ya same ni tsaye a bakin ƙofar ɗakin tankuna idona ya kawo ruwa. Ya tambaye ni lafiya, na ba shi labarin subiya. Mutumin nan ya ajiye abin da yake yi ya zauna a kan buhu yana saurare kamar ina karanta masa littafi. Daga ranar ya roƙa aka mayar da ni wajensa, na bar wankin kofi na koma ɗaukar buhu da auna hatsi. Ban ɓoye muku ba, na ji daɗi. Shi ne mutum na farko a ƙasar da ya tambaye ni wani abu game da gidanmu.

Kamfanin yana da al'ada: duk shekara kowane reshe zai fito da sabon ɗanɗano, a taru a yi gasa, wanda ya ci a sa giyarsa a famfunan rassan duka. Reshenmu bai taɓa ci ba. Dattijon ya ce me zai hana mu gwada kayan haɗin mahaifiyata. Muka gwada da abin da na iya tunawa, ya fito kamar jiƙon maganin shawara. A nan ne na yi abin da har gobe nake jin kunyarsa. Na kira Umma ta bidiyo, azumi ya kusa, na ce mata ina so in riƙa yi wa Musulmin masallacin unguwarmu subiya ta buɗa-baki, don ba su san ta ba. Ban shirya ƙaryar ba, da kanta ta fito, sumul. Umma ta rufe baki da gefen mayafi, ta yi ta faɗin masha Allah, ya waladi, wato ya ɗana, masha Allah. Ta sa yayata ta riƙe wayar, ta zauna a ƙasa ta baje kayan, ta nuna mini komai dalla-dalla, abin da a da ta hana 'ya'yanta mata. Da za mu yi sallama ta ce ga sharaɗi guda: in yi niyya duk kofin da aka sha ladan ya tafi ga mahaifina. Na ce to, Umma.

Giyar ta ci gasar. Dattijon ya raɗa mata suna da Turanci mai ma'anar Hannun Uwa, aka rubuta a allon kowane reshe. Ranar buɗe famfonta an yi layi har waje, aka ɗaga ni sama ana tafi, aka miƙo mini kofi. Da can in an ce in ɗanɗana, kurɓa nake in tofar. Ran nan na haɗiye. Kuma wallahi ɗanɗanon gidanmu ne, tsamiyar nan da cittar nan, sai dai an bar ta ta wuce inda Umma ke zubarwa. A can Misfala kuwa Umma ta cika unguwa da labari. Duk wadda ta zo sayen subiya sai ta ji cewa autanta na shayar da masu azumi a ƙarshen duniya, sadaka ga marigayi. Tsofaffin unguwa suka riƙa karɓar wayar suna sa mini albarka, ina amsawa da amin, wani lokaci da rigar aikin kamfanin a ƙarƙashin jallabiyata.

Haka aka ci shekara. Gab da wani azumin, wani tsoho ɗan garin da nake ya je Umara ya sauka a masauki kusa da gidanmu. Yadda Umma ta gano shi Allah kaɗai Ya sani, uwa ba ta rasa hanya. Ya dawo ya neme ni da ƙunshi: tsamiya, hel, zabibi, duk ta daka wanda ake dakawa ta ƙulla daban-daban. A tsakiya akwai gorar Zamzam. Saƙonta shi ne in riƙa ɗiga kaɗan a kowace roba, yadda take yi wa tata, don masu sha su samu albarkar Ɗakin Allah tunda ba su samu zuwa ba. Tsohon ya ƙara da cewa in gaya masa masallacin, shi ma zai zo ya sha. Na yi masa 'yan kame-kame muka rabu. Daga nan wurin aiki na wuce da ƙunshin a hannu, na zauna a ɗakin tankuna na kasa ko tashi. Dattijon ya ga gorar ya tambaya, na gaya masa ko mene ne, da abin da aka ce in yi da shi, da abin da na faɗa wa Umma tun farko. Ya ce shi ma giyarsa ta farko sunan kakarsa ya sa mata, amma ita ta sani, har ta sha ta ce ta yi ɗaci. Sannan ya ce da ya san haka aka samo sirrin da bai karɓa ba, kuma in shi ne ni, ba zai bari uwarsa ta ji a bakin wani ba. Mutumin da ba ya salla ne ya gaya mini wannan, ni haifaffen Makka.

Na ajiye aikin, na jira hutu na dawo gida. Kwana da kwanaki ina kewaye-kewaye, ana ta shigowa yi mini sannu da zuwa ana kirana mai sadaka. Wata la'asar na same ta ita kaɗai tana tace subiya, na karɓi bakin ƙyallen na riƙe mata, na faɗa mata komai ina kallon robar. Ba ta daina matsa ƙyallen ba sai da ruwan ya ƙare. Tambayarta ta farko ita ce ko Zamzam ɗin ya shiga. Na ce a'a, ga shi can a jakata ko buɗewa ban yi ba. Ta ce alhamdu lillahi. Ta tambaya ko na sha, na ce na sha. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Sai ta zauna a kan kujerar tsugunno ta ce, a hankali kamar mai magana da kanta, ashe duk daren da ta ɗaga hannu ta ce Allah Ya kai wa Malam, wato mahaifinmu, ladan abin da yaron nan ke shayarwa, abin da take aika masa ke nan. A nan ta yi kuka, ni ma na yi. Na ce niyyarta mai kyau ce, laifin nawa ne ni kaɗai. Ta ce ta sani, Allah ba Ya kama wanda aka rufe wa ido, amma zuciya ba ta jin fatawa da wuri.

Da safe ta yi mini magana kamar kullum, har da zuba mini shayi. Ta ce ta yafe mini duniya da lahira, tsakanina da Allah kuma in gyara. Sai ta ɗauki abayarta ta ce in zo in riƙe ta, za ta fita. Umma na fama da gwiwa, kuma wanda ya san lungunan Misfala na sama ya san matakalarsu. Na zaci asibiti za mu. Ashe gidajen da ta ba wa labarina za ta bi, ɗaya bayan ɗaya, don ta ce ba za ta kwanta a kabari da maganar da ba haka take ba a bakinta, ko da ba da saninta ta faɗa ba. A kowane gida abu ɗaya take cewa: labarin subiyar sadakar nan da ta ba su ba haka yake ba, ita ce ta yi gaggawar faɗa, su yafe mata. In an tambayi me ya faru sai ta ce a bar kaza cikin gashinta, ta ja hira wani wajen. Ba ta ambaci giya ba, ba ta kalle ni ba ko sau ɗaya. Ni ina tsaye a bakin ƙofa da takalmanta a hannu, ina jin tsohuwar da ba ta yi wa kowa ƙarya ba tana neman gafarar ƙaryata. A matakalar ƙarshe ta jingina da kafaɗata tana haki, ta ce in riƙe ta da kyau, ya waladi, ta gaji.

Yanzu ina nan Makka, ina aiki a wani kamfanin motocin alhazai a unguwar Kudai, na ƙarasa karatuna ta wata hanyar. Dattijon ya yi ƙoƙari an canza wa giyar suna, amma haɗin ya zama na kamfani, kuma labarin da nake ji har yau ana zuba ta a rassansu. Wannan ba ni da ikon janye shi, sai dai istigfari.

Abin da na koya shi ne, ban faɗa ramin nan da tsalle ɗaya ba. Daga wankin kofi ne, sai ɗaukar buhu, sai kurɓa a tofar, kowane mataki da uzurinsa mai kyau. 'Yan'uwana matasa da ke fita neman ilimi ko abinci, ku kula da ranar da kewar gida za ta kama ku, don a ranar mutum ya fi arha. In kuma har kun zame, to ku zame ku kaɗai, kada ku jawo iyayenku ciki da ƙarya mai kama da alheri. Uwa ba ta bincike, gaskata ka take yi, ta ɗora addu'a a kai, ta kuma fita ta gaya wa duniya. Ranar da gaskiya ta fito, kai za ka ji kunya ne kawai, ita ce za ta hau matakala da ciwon gwiwa.