Hajjo, 'Yar Kurame

Hajjo ta iya magana da hannu tun kafin bakinta ya buɗe, domin uwa da uba duk kurame ne. Ubanta Dodo baduku ne a Birnin Zinder, ita ce bakinsa a kasuwa, a gaban alƙali, har wajen lokotoro a asibiti. Takan dawo gida kafaɗu sun yi tsami, ga haushin masu cewa ai nune-nune ne kawai.

"Da hannun nan yake yi mini faɗa, da shi yake ba ni tatsuniya," takan amsa, har ta gaji ta daina.

Shekarar da Nijar ta sami 'yancin kai Dodo ya rasu, matarsa kuwa ta riga shi. Maƙwabta suka ce yanzu Hajjo za ta huta. Ta huta ɗin, amma ta rasa wanda za ta yi wa hira da yaren gidansu. Shi ya sa duk ranar kasuwa takan ja ƙafa zuwa rumfar wata kurma mai sayar da kuka, mutuniyar garin Dogo, su yi ta gulma har la'asar.