Tsagau Ba Ya Son Gaisuwa

Kakata Ige maginiya ce. A Kebbe, a shekarun da aka karɓi mulkin kai, in ka sha ruwa mai sanyi a gidan mutum, ba mai gidan ya kamata ka gode wa ba, Ige ce. Akwai randar da ta taɓa ginawa, sai da aka kafa tsani kafin a leƙa cikinta. Ƙanena yakan ce ƙarya nake yi, amma shi a lokacin ko rarrafe bai fara ba, don haka ba shaida ba ne.

Sauran yara a ɗaki ake yi musu tatsuniya. Mu a bayan gari ake yi mana, bakin wutar gashin tukwane. Da la'asar za a jera tukwane a ƙasa, manya a tsakiya, ƙanana a gefe, a lulluɓe su da kara da ciyawa da busasshen kashin shanu. Ba a kunna wuta sai an idar da magariba, lokacin da iska ta kwanta. Daga nan ba sauran aiki sai jira, kuma jiran nan ne Ige take cikewa da tatsuniya, mu jikoki muna tura gyaɗa cikin toka. Tana magana idonta na kanmu, kunnenta na kan wuta. Tukunya in za ta fashe takan yi ƙara, kuma Ige takan san wacce ce tun ba a tone ba.

A shekarar da nake ba da labarinta, kakanmu ya rasu. Ige ta ɗauki alkawari za ta gina babbar randa ta ajiye a ƙofar masallacin unguwa kafin azumi, masu buɗa baki su sha, ladan ya kai masa. Gwiwoyinta sun riga sun gaji, saboda haka cuɗa yumɓu da ƙafa ya dawo kaina, ni ne babba a jikoki. Ta ba ni ƙwarya uku: ɗaya garin tsingaro, wato fasassun tsofaffin tukwane da aka daka, ɗaya ƙaiƙayin gero, ɗaya busasshen kashin jaki da aka murje. Ta ce in zuba duka a cikin yumɓun, in taka har su ɓace.

To, ni kuwa a lokacin ina aji uku, kuma an kawo mana malamin tsabta daga Tambuwal. Mutumin nan ya koya mana cewa ƙwayar cuta guda ɗaya tana iya kayar da gari. Na fito daga ajinsa ina kallon duniya duka a matsayin juji. Ga ni da 'yar tutar mulkin kai da aka raba mana a makaranta, ga ilimi har yana zuba ta kunne, a ce in sa kashin jaki a randar da masallata za su sha? Na zaga bayan danga na juye ƙwaryoyin nan uku. Na taka yumɓu zalla, ya yi laushi kamar man shanu. Har yau ban ƙara ganin yumɓu mai kyau irinsa ba.

Ige ta gutsuri kaɗan ta murza a tsakanin yatsunta. Ta daɗe tana murzawa.

"Maigida," haka take kirana, "ka zuba haɗin?"

"Na zuba."

"Duka ukku?"

"Duka ukku, Kaka."

Sai ta jawo yumɓun gabanta ta fara gini. Kwana uku tana ginin randar, mako biyu tana shanya ta a inuwa. Ranar gashi saura kwana huɗu a ga watan azumi.

Da wuta ta kama, Ige ta miƙe ƙafafu ta ce, "Ga ta nan tahe da ƙahwarta."

Muka ce, "Ta iso mu ba ta tabarma."

Tatsuniyar ta wani matafiyi ce, sunansa Tsagau. Siriri ne kamar gashin wutsiyar doki, kuma ba ya tafiya sai miƙe. Duk garin da ya shiga ta ƙofar gabas ya fita ta yamma, garin nan ya rabe biyu ke nan. Abu ɗaya ya tsana a duniya: gaisuwa.

Wata rana ya isa wani gari wanda sarkinsa mai ƙyanƙyami ne. Sarkin ya kori tsofaffi don suna tari, ya kori baƙi don ba a san asalinsu ba, ya kori masu jakuna don wari. Waɗanda suka rage duk iri ɗaya ne, sumul, kowa na cikin gidansa. Tsagau ya leƙa ya ga hanya fetal, ba mai ce masa sannu. Kafin sarki ya gama naɗa rawani, rabin fadarsa na gabas, rabi na yamma.

Ni dai a nan gyaɗa ta daina yi mini daɗi.

Sai Tsagau ya wuce gari na biyu, wani hargitsattsen gari da ba a korar kowa. Tun a bakin ƙofa ya yi karo da tsohuwa Tsingaro, wadda ta taɓa shiga wuta ta fito, ba abin da ke ba ta tsoro. A nan Ige takan canja murya, ta karkace baki:

"Tsaya, ɗan nan! Ɗan wa na kai? Ina gajiya? Ina mutanen gida? Ina wanda kab baro? Yaya ƙahwa? To madalla. Ina gajiya kuma?"

Tana cikin "ina gajiya" ta uku sai muka ji tau! daga tsakiyar wuta, ƙara irin ta bindigar maharba. Tsuntsaye suka tashi daga kan kuka. Ni a ganina har na can garin Dogon Daji sun tashi. Yara suka zabura. Ige ko waiwayawa ba ta yi ba. Ta ce, "Ku zamna, ba a ƙare ba."

Tsagau ya kauce wa tsohuwa ya bi lungu, ya tarar da wata tsohuwar. Ya sake kaucewa, ya faɗa cikin 'ya'yan Ƙaiƙayi da dangin Kashin Jaki, sun riƙe hannun juna sun tare hanya, kowa na son a gaisa da shi daban. Waɗanda wuta ta cinye a cikinsu ma sun bar ɗakunansu a buɗe. Mutumin da bai saba lanƙwasa ba, ya yi kwana ya fi ɗari. Daga ƙarshe ya ga wani ɗan ɗaki ba kowa, ya ce bari ya shiga ya huta kaɗan. Yana nan har yau.

"Ba a kashe Tsagau," in ji Ige. "Gajiyad da shi a kai. Ta ƙare, kan ɓera ya ƙone, wanda bai ci gyaɗa ba shi ya so."

Da safe aka tone toka. Ƙananan tukwane duk sun fito lafiya, Ige tana yayyafa musu ruwan bagaruwa don su yi baƙi su toshe. Randar kuwa ta rabe tun daga baki har gindi, tsaf kamar an sa zare an yanka. Na tsaya ina jiran bulala. Da na samu da na ji sauƙi.

Na ce, "Kaka, kin sani tun ranar?"

"Hannuna ya ce ba ka zuba ba. Bakinka ya ce ka zuba. Nic ce bari in ɗauki ta ɗan makaranta."

"To me ya sa ba ki sake cuɗawa ba?"

"In na ƙaryata maigidana gaban yumɓu, gobe wa za ni tambaya?"

Ba sauran lokacin gina wata. Azumin nan duka da wani tsohon tulu mai karyayyen baki aka yi buɗa baki a masallaci, ruwan na ƙarewa tun sahun farko bai gama sha ba. Kullum da yamma Ige takan zauna a ƙofar gida tana kallon masu wucewa. Ni kuma aka ba ni turmi da taɓarya da fasasshiyar randata. Kwana tara ina daka. Da garin nata aka haɗa sabon yumɓu, kuma ni na murje kashin jakin da hannuna, hannun da malamin tsabta yake duba farcensa kowace Litinin. An kafa randar kafin babbar salla.

Da na girma na zama magini, amma na gidaje. Na ga yadda ake cuɗa ciyawar ramno a cikin ƙasar gini, na ga yadda ake shafe bango da makuba, ban taɓa tsayawa na haɗa su da tatsuniyar ba. Sai wata rana a wajen aiki a Sakkwato, wani yaro injiniya yana nuna mini tankin ruwa da aka yi da zaren gilas da ƙaro. Ya ce a manyan masana'antu har cikin yumɓun da ake gasa wa injuna masu zafi ana saka zare siriri, ana kuma yi wa ƙarfe shafe hawa-hawa, don in tsaga ta taso ta yi ta karo tana kaucewa har ƙarfinta ya ƙare. Ya yi bayanin nan da Turanci mai tsawon igiyar rijiya. Na ce masa, "Wato gaisuwa." Ya dube ni kamar zafin rana ya taɓa ni.

Abin da ya fi zama mini a rai ba hikimar haɗin ba ce, wannan kowace maginiya ta san ta. Tsohuwar nan ta san gaskiya a yatsunta, ta ajiye ta ta ɗauki maganata, ta biya da alkawarin da ta yi wa mijinta. Tun daga ranar, in mai gida ya tambaye ni ko na zuba siminti yadda ya kamata, nakan ji yatsun nan suna murzawa.

Bara na je Kebbe ta'aziyya, na bi ta masallacin. An sake gininsa da bulo, an sa famfo, amma randar na nan a gindin bango, tsofaffi sun hana a ɗauke ta. A bakinta akwai tsaga mai tsawon ɗan yatsa, ta gangaro, ta karkace, ta tsaya. Ladan ya ce tun yana yaro take haka, kuma ba ta yoyo.

Na duƙa na ce, "Ina gajiya?"

Tsagau bai amsa ba. Dama ba ya so.