Idon Filin Jirgi da Tattasan Kaka

Gidanmu na gefen garin Diffa, dab da wayar da ta kewaye filin jirgi. Gonarmu kuwa tana can bakin kogin Komadugu. Tunda zaman ƙauye ya gagara saboda rashin tsaro, idan an tsinke tattasai sai a kwaso shi ɗanye a kawo gari, kakata ta shanya shi a fegin da ke bayan gida. Ni ne mai korar awaki, aikin da na fi kowa a ƙasar Nijar iya yin sa daga kwance.

Wata safiya muka tashi muka tarar an kafa dogon ƙarfe a cikin filin jirgin. A samansa wasu ƴan ludayi uku suna ta juyawa kamar an biyo su, ga wata kibiya, ga farantin sola. Ƙasa kaɗan kuma ga ido guda, baƙi wuluk, ba ya ƙiftawa. Kuma ɓangarenmu yake kallo.

Kafin azahar unguwa ta gama bincike. Mai shayi ya ce idon yana gani har cikin tukunya. Wata maƙwabciya ta ce ludayin nan ruwan sama suke kaɗawa ya koma Damagaram. Ni ma ban yarda da shi ba, don duk inda na tsuguna sai in ga kamar ni yake bi. Kaka kuwa ta tsaya riƙe da ƙugu tana kallonsa, shi ma yana kallonta, har na fara tausaya wa ƙarfen.

A gidanmu ba a faɗin yawan amfanin gona. Ko buhu dubu aka samu, amsar Kaka ɗaya ce: an ɗan taɓa. Ga kuma shekarun da gwamnati ta hana cinikin tattasai, waɗanda har yau ba ta maganarsu sai ta rage murya. To ga ido an dasa mata, ba gaisuwa, ba sallama. Ta yanke hukunci cewa ƙirga tattasanta yake yi yana kai rahoto Yamai, wajen gwamnati.

Sai ta sa na jawo baƙar leda muka lulluɓe shanyar gaba ɗaya, muka danne da duwatsu. Da rana tsaka. Babana ya yi mata magana a hankali cewa ɗanyen tattasai ba ya son rufi, zai yi gumi ya ruɓe, kuma shi ne abincinmu na shekara. Ta ce ta shanya tattasai tun kafin ya san hanyar bakinsa. Ya ja bakin nasa ya tafi.

Bayan ƴan kwanaki fegin ya fara wani wari da ko awaki suka daina zuwa, na zama marar aikin yi. Na ɗaga gefen ledar na ga na ƙasa ya yi laushi, farin gashi ya fito masa kamar gemun liman. Na nuna mata. Ta dubi tattasan, ta dubi idon, ta mayar da dutsen.

Ranan nan sai ga wani ma'aikacin meteyo, wato ofishin duba yanayi, da tsani ya zo goge idon. Kaka ta ja ni har bakin waya ta kira shi da ɗan Faransancin da ta iya.

"Mushe, zo nan. Wa ya aiko ka ƙirga mini kaya?"

Ya gaishe ta da ladabi, ya ce abin na matuƙan jirgi ne. Ludayin suna auna iska, wani yana auna zafi, idon kuma sama da titin jirgi yake ɗauka, don matuƙi ya san halin da zai tarar tun bai taso ba. Kaka ta ce in sama yake kallo, me ya hana a kwantar da shi rigingine? Mutumin ya ciro salula, ya buɗe hoton da idon ya ɗauka, ya miƙo ta ramin waya.

Muka haɗa kai. Sama ce fal, sai titi, sai waya. Can ƙurya kuma ga wani ɗigon baƙi.

"Wannan fa?"

"Ledarki ce, Iya."

"Ka ji ko, angona? Na ce yana gani."

Ta ce ya nuna mata na ranar da ba a rufe ba. Ya lalubo. Ɗigon nan dai ne, amma ja, bai kai ƙwayar gero ba. Kaka ta kai salular har kan hancinta, ta janye, ta sake kaiwa.

"Duk tattasaina ke nan? Wahalar da muka sha tun daga bakin kogi?"

Wallahi ta fi jin haushin wannan a kan leƙen. Ta ce ashe makaho aka ɗora wa matuƙa, Allah ya kiyaye masu shiga jirgi. Ta juya ba sallama, ta sa ni kwashe duwatsu.

Mun wuni muna tsince ruɓaɓɓe, hannuna ya yi ja har na zaci haka zan tsufa. Abin da muka zubar ba kaɗan ba ne, amma mafi yawa ya bushe lafiya. Da maƙwabta suka tambaya, an ɗan taɓa.

Har yanzu in za ta wuce fegin sai ta ja mayafi ta ba ƙarfen baya. Ta ce mai yiwuwa ƙaramin hoton aka nuna mata, babban yana Yamai.