Karen Baba da 'Ya'yan Kyanwar Matata

Shekarun baya can, bayan an gama yaƙin basasa, na ɗauko mahaifina daga Betso zuwa gidana a Nassarawo, saboda gyambon ƙafarsa ya ƙi jin maganin gida. Da ƙyar ya yarda ya zo asibiti, shi ma sai da karen farautarsa.

Muka tarar kyanwar matata ta haihu a madafa. 'Ya'yan ko ido ba su gama buɗewa ba, ga kare da ya saba cafke gafiya. Matata ta ja ni gefe.

"Maigida, in ya taɓa min ko ɗaya, ba zai kwana gidan nan ba."

Baba ya ji. Ya ce, "In ya tafi, tare za mu tafi." Na san kuma in ya koma ƙauye, ƙafar nan sai ta kashe shi. Ni da nake taƙama ni ne maigida, na rasa wanda zan lallasa.

Na kawo shawarar a ɗaure karen. Baba ya harare ni, ya juya wajen matata.

"'Yata, kawo min su."

Ashe haka yake yi da 'yan awaki a ƙauye: duk abin da ya ɗauki warin jikinsa, karen ya san na gida ne. Baba ya zuba 'ya'yan kyanwar cikin rigarsa, ya wuni da su a ƙirji suna mutsu-mutsu, uwarsu na zagaya shi tana kuka. Mutumin da ban taɓa ganin ya ɗauki jariri ba. Har wani ɗan kishi na ji, ni da gemuna.

Da yamma ya kira karen. Ni kuwa na laɓe bayan rumbu da taɓarya. Karen ya matso, ya shinshina, ya dubi Baba, ya sake shinshinawa. Sai ya yi atishawa ya kwanta. Baba bai ko waiwayo ba ya ce, "Mai da wa matarka taɓaryarta."

Kafin 'ya'yan kyanwar su iya gudu sosai, sun mai da wutsiyar karen abin wasa, cikinsa kuma wurin barci. Matata da kanta ta fara ajiye masa ƙanzo. Baba ya ci gaba da zuwa wankin gyambo, yana mita yana tafiya.

Da ƙafar ta warke, na ce ko in nemo motar komawa? Ya daɗe yana kallon karen, 'ya'yan kyanwa sun haye bayansa.

"Ka ga ya saba da su. Raba su ba kyau. Bari su ƙara girma."

Suka girma, suka haifi nasu, Baba bai sake zancen tafiya ba. A gidana ya rasu. Har yau in na tuna sai in yi dariya, idona kuma ya cika. Mahaifina bai iya cewa yana son zama da mu ba, sai ya ɗora wa kare.